Abin da Na Rubuta a Katin Hindatu

Na ji abin da ɗayarku ta faɗa ɗazu a bakin famfo. Wai sashen mata ba wuya: mace ta ce sanyi ke damunta, ki dubi takardar da ke manne a bango, ki bi kibiya, ki miƙa mata magani, ta gaba ta shigo. Ban ga laifinki ba, ɗiyata. Ni ma da na fito daga makarantar koyon aikin lafiya haka na ɗauka. Yau na haura shekara ashirin ina wannan aiki tsakanin Batsari da ƙauyukan Safana, kuma tunda an turo ku koyon aiki a hannuna, ku matso da bencin nan kafin masu awo su taru.

Mace ta farko da na duba da kaina a Batsari ne, ina ƙarƙashin wata tsohuwar nas da ake kira Sista Kulu, Allah ya jiƙanta. Yarinyar daga Karare ta zo, ba ta daɗe da aure ba, uwar mijinta na biye da ita. Na ce me ke damunki, ta ce ciwon kai. Har na fara rubuta mata maganin ciwon kai, sai Sista Kulu ta dafa hannuna. Ta dubi tsohuwar ta ce, "Inna, taimaka ki samo mana ruwa a waje, za ta sha magani." Tsohuwa na fita ta tura ƙofa, ta zauna kusa da yarinyar, ta rage murya ta ce, "Tun yaushe kike ganin ruwan?" Yarinya ta sunkuyar da kai ta ce wata uku. Da suka tafi na tambayi Sista yadda aka yi ta gane. Ta ce, "Asabe, ke bakinta kika saurara, ni zamanta na duba. Ba ki ga a gefe ɗaya ta ɗosana ba? Mai wannan ciwo da ciwon kai take shigowa."

Kalmar sanyi ita ce ta fi wahalar da ni a shekarun farko. A bakin matanmu komai sanyi ne. Wadda ke ƙaiƙayi tana fitar da farin abu mai gudaji kamar kindirmo, sanyi. Wannan sau da yawa ba ruwan namiji a ciki. Wadda ruwanta ya tsinke yana ƙarni, sanyi. Wadda ke fitar da ruwa mai kama da mugunya, mararta na ciwo, fitsari na yi mata zafi, ita ma sanyi, alhali nata daga namiji ya zo, kuma in aka bar shi zai hau ya toshe mata hanyar haihuwa. Akwai kuma wanda ba ya ma sa mace ta zo, wato tunjere. Ɗan gyambo ne ke fitowa a gaba, ba zafi, ya warke da kansa, mace ta ce Allah ya yaye. Alhali ciwon ya shige jini yana jiran ciki. Takardar bango za ta taimake ki, amma sai kin duba da idonki, kuma sai mace ta yarda ta buɗe miki.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai ƙarfen buɗa gaba da muke kira bakin agwagwa. Sista Kulu ba ta taɓa sa wa mace shi da sanyinsa ba, sai ta tsoma a ruwan ɗumi, ta nuna mata, ta gaya mata abin da za ta ji. A ƙauye a kan risho nake dafa nawa, guda biyu ne, in na yi amfani da su sai masu jira su yi haƙuri. Akwai safar hannu, da tocila mai ɗauri a goshi, da zani mai tsabta da nake rufa wa mace daga cibiya zuwa gwiwa. Akwai ɗan tsinken gwajin tunjere: ki huda ɗan yatsa, ɗigo ɗaya na jini, ki jira kamar minti sha biyar. Layi ɗaya babu, layi biyu akwai. Allurar tunjere fara ce mai kauri kamar koko, in kika tsaya surutu bayan kin zuƙa sai ta toshe bakin allura. Tana da zafi, ki faɗa wa mace gaskiya. Ki tambaye ta ko wata allura ta taɓa tayar mata da borin jini, bayan kin yi kuma ki zaunar da ita rabin awa a gabanki. In ba a san tun yaushe ciwon ke jiki ba, sau uku ake yi, mako mako. Sai wata 'yar takarda da ake ba mace ta kai wa miji. Ba sunan ciwo a jiki, cewa kawai take ana son ganinsa a asibiti. A cikin kayan duka ita ta fi nauyi.

Yawancin masu zuwa wurina ƙananan mata ne, 'yan shekara sha takwas zuwa ashirin da 'yan kai, mazansu na tafiya ci-rani Kudu da an gama girbi. Kafin su iso gare ni sun bi ta kemis sun sha kafso biyu sun bari, sun sayi jarkar maganin gargajiya wurin mai lasifika ranar kasuwa, sun yi tsarki da jiƙo iri-iri. Ba a tambayar mace ina ta samo. Cewa za ki yi, "Maigidan yana gida, ko ya yi tafiya? Shi ma yana kukan wani abu?" Wata Bafulatana daga rugagen bayan Tsaskiya sai da ta kawo mini nono sau uku tana gaisuwa ta koma, a na huɗu ta faɗi abin da ke kawo ta. Da na matsa mata tun ranar farko, da ban sake ganinta ba.

Ƙarshen aikin shi ne rubutu. Abin da kika gani ki sa a rajista, ki sa a katin mace, ƙarshen wata ki haɗa yawan a fom ki tura. Da wannan ne ake sanin inda za a kai tsinken gwaji da allura. Sista Kulu takan ce abin da ba ki rubuta ba bai faru ba, abin da kika rubuta kuwa zai bi mace har inda ƙafarki ba ta zuwa. Na haddace wannan magana, ina ma faɗa wa na ƙasa da ni. A nan kuma na faɗi.

Wata Talata ce, a ɗan asibitin ƙauyenmu da ke kusa da Zakka, inda aka mayar da ni don in zauna cikin dangi. Hindatu ta zo awon cikinta na fari, wata huɗu. Matar Lawal ce, ɗan yayana uwa ɗaya uba ɗaya, yaron da na goya a bayana. Uwarsa, Yaya Hure, ita ta rako ta, ta zauna a bakin ƙofa muna ta hira a kan tsadar taki. Na huda yatsan Hindatu, na ɗiga jinin, na ajiye tsinken a kan tire na ci gaba da auna ta. Da na waiwaya sai na ga layi biyu. Na sake ɗauko wani na gwada. Layi biyu.

Na san abin da ya kamata. In aiki Yaya Hure ɗebo ruwa, in tura ƙofa, in faɗa wa yarinyar, in yi mata allura, in sa mata ranar dawowa, in ba ta takardar Lawal. Na yi wa matan wasu haka ba adadi. Amma rajistar nan a kan tebur take kwana, kuma mai yanka mana kati majalisarsu ɗaya da yayana. Lawal yana Kudu a lokacin, kowa na yabonsa, shi ya yi wa ubansa rufin kwano. Sai na dunƙule tsinkayen biyu cikin safar hannu na jefa a kwandon shara.

Hindatu ta ce, "Gwaggo, lafiya dai ko?"

Na ce, "Lafiya lau. Allura ɗaya zan yi miki ta ƙarin ƙarfi."

Na yi mata allurar tunjere guda ɗaya, ban gaya mata ko ta mece ce ba. A rajista na rubuta babu. A katinta, a gurbin gwajin, na rubuta babu, na sa hannu. Na ce wa kaina in Lawal ya dawo zan kira shi gefe in yi masa tasa ba wanda ya ji, ita kuma zan san dabarar ƙarasa mata biyun. Mako ya zagayo na aika ta zo, aka ce suna sussuka, kuma ai Gwaggo ta ce lafiyarta lau. Me zai kawo mai lafiya asibiti? Lawal ya dawo da faɗuwar ruwan fari. Ya zo gaishe ni da atamfa da ledar lemu, ya durƙusa har ƙasa. Na buɗe baki, sai na ji ina tambayarsa hanya. Ya tashi ya tafi.

Ni na karɓi haihuwar, cikin yana wata takwas. Namiji ne, bai zo da rai ba. Fatar tafin hannunsa da ta ƙafarsa ta saɓule, cikinsa a kumbure, mabiyiya ta fito ƙatuwa, fara, mai nauyi. Duk wadda ta yi aikin nan ta ga wannan ba ta bukatar tsinke. Na naɗe shi da sauri don kada matan gida su ƙura ido. Yaya Hure ta ce, "Asabe, ke da kike aikin, mi ya jawo haka?" Na ce, "Yaya, Mai abu ya karɓi abinsa." A fom ɗin wata na sa haihuwar da ba rai guda ɗaya, gurbin dalili na bar shi fari. Na ce bari ta yi arba'in tukuna, ba a yi wa mai jego irin wannan magana.

Ba ta kai arba'in ba mutanen daji suka fara shigo mana. Wannan ita ce muguwar shekarar, ku ma kun san labarinta, ba sai na maimaita ba. An kwashe shanu, an bar gero a gona ba mai yanka, an rufe asibitinmu bayan an ɓalle ƙofa an cire farantin sola. Gari ya watse. Gidan yayana suka nufi Batsari wurin dangin Yaya Hure, ni kuma aka mayar da ni cikin Safana. Aiki ya yi mana yawa yadda ban taɓa gani ba. Mata na kwana a azuzuwan makaranta da kangaye, waɗanda aka sako daga daji ana kawo mana su ba sa iya ɗaga kai su dube mu. Tsinken gwaji ya yi ƙaranci ko'ina, har aka ce a fara da wadda ba a taɓa gwadawa ba. Hanya ba ta biyuwa sai da dalili mai ƙarfi. Ba zan ce muku na manta da Hindatu ba. Waya tana hannuna kullum, kuma ina da lambar Lawal.

Bayan shekara da 'yan watanni aka aiko mini cewa Hindatu ta sake haihuwa, shi ma bai zo da rai ba. Ban ma san tana da ciki ba. Na sa tsinke ɗaya a jaka na hau motar kasuwa zuwa Batsari. Na same su a wani gida da ba a gama gininsa ba, an raba ɗakuna da buhuna. Tun daga zaure na ji wata tsohuwa na cewa ai yarinyar wabi gare ta, irinsu sai an dage. Yaya Hure ta ja ni gefe ta ce sun yi rubutu, sun yi hayaƙi, ba abin da ba su yi ba, yanzu dangi na cewa a mai da ita gidansu ta huta, Lawal ya nemi wata. Ta ce, "Ke ma ki sa baki, yana jin maganarki."

Na shiga wurin Hindatu. Ta rame, idanunta sun faɗa. Ta yunƙura za ta durƙusa na hana ta. Na ce, "Kin je awo kuwa a wannan cikin?"

Ta ce, "Na je, Gwaggo, sau uku." Ta jawo wata leda daga ƙarƙashin katifa, ta fito da katunanta, sabo da tsoho. Duk gudun da aka yi ba ta yar da tsohon ba. Ta ce, "Malamar ta ce abin gwajin ya yi kaɗan. Da na nuna mata wannan sai ta ce tunda ke kika gwada ni da hannunki, ba sai an sake ba."

Na karɓi katin. Rubutuna ne, da sa hannuna. Yarinyar da ta duba ta sa'arku ce, kuma ba ta yi laifin komai ba. Ta yarda da rubutun babbar ma'aikaciya, kamar yadda aka koya mata.

Na ce wa Hindatu ta rako ni bayan gida in duba ta. Akwai wata gonar rogo a nan, muka zauna a kan kunya. Na huda yatsanta, muka jira tare, na nuna mata layi biyun. Na faɗa mata sunan ciwon, da yadda ake samunsa, da abin da yake yi wa ɗa a ciki, da cewa yana da magani. Sannan na ce, "Ranar da kika fara zuwa awo, haka na gani. Sau biyu na gwada. Na rubuta babu."

Ta daɗe tana kallon tsinken. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Tun kafin na farkon?"

Na ce, "Tun kafin shi."

Ta ce, "Da an yi maganin, da sun rayu?"

Na ce, "Rai na Allah ne. Amma da na yi aikina yadda aka koya mini, da wuya wannan ciwo ya taɓa su."

Ta tsinke ganyen rogo tana murzawa a yatsa. Can ta ce, "Gwaggo, da kin faɗa mini, ni na san yadda zan gaya masa ba wanda ya ji. Mijina ne. Fiye da shekara ana nuna ni da baki, har na fara yarda wani abu ne a jikina. Kunyar wa kika ji ranar nan? Tawa ce, ko ta gidanku?"

Abin da na ji a wurin ba ya cikin darasinku.

Lawal na same shi a tasha yana lodin rogo. Na kira shi gindin wata bedi nesa da mutane, na faɗa masa duka, har da abin da na rubuta. Ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya ce akwai wani ɗan ƙurji da ya fito masa a Kudu, mai kemis ya ba shi kafso, ya warke, bai sake tunawa da shi ba. Ya ce, "Gwaggo, ranar da na kawo miki atamfa kin sani?" Na ce na sani. Ya ce, "Kika bar ni na koma ɗakinta." Ya juya mini baya. Da ya juyo sai ya ce, "Inna ta ji?" Na ce, "Ba za ta ji daga bakina ba, wannan naku ne kai da matarka. Amma maganar wabi da maganar mai da ita gida, kai za ka kashe su, yau." Ban san abin da ya gaya wa uwarsa ba. Na dai san ba a sake tayar da zancen ba, kuma Yaya Hure ta yi wata shida tana amsa gaisuwata a taƙaice.

Washegari na kai su asibiti su biyu. Na zuƙi allurar da kaina, na juyo, sai Hindatu ta ce, a hankali, ba tare da ta dube ni ba, "Gwaggo, wata ta yi mini." Na miƙa wa ma'aikaciyar wurin sirinjin na fita waje. Mako uku suna zuwa, ba su tsallake ko ɗaya ba.

Da na koma Safana na je wurin shugabarmu ta sashen mata na faɗa mata abin da na yi. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ita kaɗai ce?" Na so in ce e. Amma akwai ɗiyar maƙwabcinmu da na rubuta wa ciwon mara, akwai matar wani malamin makaranta, akwai wasu. Duk na ba su magani, amma ban rubuta gaskiya ba, ban kuma kira mazansu ba, saboda ina haɗuwa da su a biki da suna. Ashe shi ya sa fom ɗin ƙauyenmu kullum yake fita fes, har ana rage mana kason tsinke da allura ana kai wa wasu wurare. Ta ba ni takardar gargaɗi, tana cikin fayil ɗina har gobe. Ta kuma ce in nemo matan nan ɗaya bayan ɗaya. Na yi wata huɗu ina bin su a inda gudu ya watsa su. Na samu wasu. Biyu har yau ban san inda suke ba.

Don haka in 'yar'uwarki ta shigo ɗakin nan, ko matar ɗanki, ko ɗiyar mai unguwarku, kika ga ba za ki iya faɗa mata gaskiya ba, ki kira abokiyar aikinki ta karɓe ki. Wannan ba laifi ba ne. Rajista ki kulle ta a durowa, makulli a jikinki. Amma abin da tsinke ya nuna shi za ki faɗa wa mai jikin, shi za ki rubuta.

Hindatu ta haihu bayan an fara komawa gida, mace, lafiyayya, yanzu har tana gudu. Ranar suna an aiko mini da goro da alewa kamar kowa, na je, na ɗauki jaririyar, Hindatu ta gaishe ni da ladabi ta kawo mini fura. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ba ta kuma taɓa faɗa wa kowa abin da na yi ba. An sake buɗe asibitin ƙauyenmu, na koma na yi shekara biyu a can kafin a kawo ni nan. Daga ƙofar gidansu ana hango rufinsa. A shekarun nan biyu ta sake samun ciki. Duk ranar awo Lawal zai ɗauko ta a babur, su biyo ta gaban asibitin, ta ɗago hannu ta ce, "Gwaggo, ina kwana," su wuce Safana.